Gilashi Mai Faɗin Gani Ga Kyamara Mai Ma'aunin Nisa: Sharhi Daga Tudun Wadar Zariya

Tambayar wane gilashi mai faɗin gani ya dace da kyamarar dijital mai ma'aunin nisa akan amsa ta da jerin sunaye da farashi, alhali kuwa amsar ta rataya ne a kan abubuwa biyu da takardar kamfani ba ta faɗa, wato yadda ita kanta kyamarar take gani da kuma irin wurin da za a yi aiki da ita. Ga mai hoton da ke zaune a Tudun Wadar Zariya, unguwar da aka kafa a wajen ganuwa tun farkon mulkin Turawa domin baƙi 'yan Arewa, fagen aiki sananne ne: babban titi da kasuwa, lungunan birni bayan an shige Ƙofar Doka, zaurukan ƙasa masu ƙarancin haske, da ƙofar fada ranar hawan Sallah. Irin wannan kyamara ba ita ce kayan aikin masu hoton biki da suna ba, domin su Canon da Nikon da wayar hannu suka riƙe wannan fage. Masu nemanta su ne masu tattara tarihin gine-gine da al'adu, da malaman zane da na fasalin gini irin na Jami'ar Ahmadu Bello, da ɗaiɗaikun mutanen da hoto ya zame musu ibadar ido. Tun da kuɗin da ake magana a kai ba ƙaramin abu ba ne, kuskuren zaɓi yakan zauna wa mai shi shekaru.

Kyamara mai ma'aunin nisa ta saɓa wa sauran kyamarori a wuri guda mai muhimmanci, shi ne mai hoto ba ta cikin gilashin ɗaukar hoton yake kallo ba. A kusurwar sama ta jikinta akwai tagar leƙe, can gefe kuma akwai wata 'yar taga da ke kawo sura ta biyu ta abin da ake kallo, ta ɗora ta a kan ta farko cikin wani ɗan fili mai haske a tsakiya. Idan aka juya zoben saiti, wani ɗan hannu mai ƙaramar taya da ke cikin bakin kyamarar yakan bi gangaren ƙarfen bayan gilashin, surorin biyu su yi ta matsowa har su haɗe su zama ɗaya, a nan ne saiti ya zauna. Duka da hannu ake yi, kuma ma'aunin ba ya aiki a kan abin da bai kai nisan santimita 70 ba. Kamfanin Leitz na garin Wetzlar a Jamus ya fito da kyamarar Leica M3 mai wannan tsari a 1954, bakin ɗaura gilashinta bai sauya ba har yau, shi ya sa gilashin da aka ƙera kafin Nijeriya ta sami 'yanci yake hawa kyamarar bana. Kyamarar dijital ta farko a wannan dangi ita ce Epson R-D1 ta 2004, sai Leica M8 a 2006, sai M9 a 2009 wadda ta zo da sensa, wato farantin da ke karɓar haske a madadin fim, mai cikakken girman milimita 36 da 24. M11 ta 2022 tana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 60.

Gilasan wannan kyamara kusan dukansu masu tsayayyen zango ne, ba a zuƙowa da su, mai son abu ya ƙara girma sai ya taka da ƙafarsa. Zango shi ne lambar milimita da ke rubuce a jikin gilashi, kuma gwargwadon ƙanƙantar lambar gwargwadon faɗin abin da yake kwasowa. Daga kusurwa zuwa kusurwa, gilashin milimita 35 yana ganin kimanin digiri 63, na 28 yana ganin 75, na 24 yana ganin 84, na 21 kuma 92. Lissafin digiri ba ya shiga kai kamar lissafin taku, don haka ya fi kyau a mayar da shi mita. Wanda ya tsaya mita 3 daga bango, ya riƙe kyamara a kwance, gilashin 35 zai ba shi faɗin bango na mita 3 da 'yan kai, na 28 ya ba shi kusan mita 4, na 21 kuma ya haura mita 5. A kan babban titin Tudun Wada ko harabar jami'a ta Kongo wannan bambanci ba ya da wani nauyi, domin akwai wurin ja da baya. A cikin lungun birni kuwa, inda bayan mutum yake jingine da katangar maƙwabci tun kafin ya ɗaga kyamara, kusan mita ɗayan nan da ke tsakanin 35 da 28 ita ce ke raba hoton da ya ɗauko ƙofar zaure da zankwayenta da wanda ya datse su.

Sai dai tagar leƙe tana da nata hukunci. A cikinta akwai layukan haske da ke nuna iyakar hoto, suna fitowa bibbiyu: 28 da 90, 35 da 135, 50 da 75. Milimita 28 shi ne mafi faɗin da tagar ta sani, kuma layukansa suna can dab da bakinta, har mai sanye da tabarau yakan yi ta jujjuya ido kafin ya ga kusurwoyi huɗu. Layukan 35 sun bar sarari a kewaye, wanda ke bai wa mai hoto damar ganin mutum ko babur tun kafin ya shigo cikin hoton, kuma wannan dama ita ce babban dalilin da ya sa ake ƙaunar irin wannan kyamara tun asali. Duk abin da ya fi 28 faɗi yana buƙatar wata taga ta daban da ake makalawa a saman kyamara, a saita a wannan taga a tsara hoto a waccan, ko kuma a koma kallon allon baya, wanda ya samu tun daga M ta 240 da aka sanar a 2012, ko tagar lantarki ta Visoflex. Duk waɗannan hanyoyi suna aiki, amma kowacce tana rage wani abu daga saurin da aka sayi kyamarar dominsa. Ga kuma saɓanin gani, domin taga tana gefe kuma sama da gilashi, abin da ido ya gani a layi ɗaya ba lallai ya fito a layi ɗaya ba idan yana kusa. Layukan iyaka suna matsawa kaɗan don gyara wannan, amma ba sa gyara dangantakar abu na kusa da na nesa, kamar ginshiƙin rumfa da fuskar da ke bayansa.

Inda gilashin 21 yake da hujja mai ƙarfi shi ne cikin gine-gine, kuma Zazzau ba ta rasa su ba. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim cikin shekarun 1830, darajarsa tana can sama ne, a bakan gizon da ke tashi daga ginshiƙai masu kauri su haɗu a ƙarƙashin tuluwan rufi. Masanin gine-ginen nan ɗan ƙasar Foland, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi ya zana, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Wanda ya sami izinin ɗaukar hoto a wuri irin wannan, ko a soron wani tsohon gida mai ɗaurin guga, zai tarar cewa 28 ba ya haɗa ƙasa da rufi a hoto guda. Amma faɗin yana zuwa da haraji. Da zarar an ɗaga hancin kyamara sama, layukan tsaye sukan karkata su nufi juna, gini ya yi kamar zai faɗi ta baya, kuma tagar leƙe ba ta nuna wannan karkata ko kaɗan, sai hoto ya fito ake ganinta. Maganinta shi ne a riƙe kyamara a miƙe daidai, a bar ƙasa ta cika rabin hoton, daga baya a yanke, abin da ɗigo miliyan 60 ya sauƙaƙa. Ginin tubali da makuba yana da rangwame a nan, domin katangarsa dama takan yi kauri a gindi ta sirance a sama, gefunanta kuma a murɗe suke da hannun magini, ido ba ya saurin kama 'yar karkata a jikinsa. Ginin bulo da siminti irin wanda ya cika Tudun Wada a yau ba ya yafe ko digiri ɗaya. Haka nan fuskokin gidaje masu zane, waɗanda Zariya ta yi suna da su har A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kansu a 1963, shimfiɗaɗɗen abu ne, suna buƙatar gilashin da ba ya lanƙwasa layi kuma kusurwoyinsa suke fita tar kamar tsakiyarsa, domin dagi ko keken da magini ya zana a can gefe darajarsa ɗaya da abin da ke saman ƙofa.

Ga mutane kuwa lamarin ya sha bamban. Gilashi mai faɗi yana ƙanƙantar da abin da ke nesa, saboda haka wanda yake son mahauci ko mai ɗinkin hula ya cika hoto da gilashin 28 sai ya matso kimanin mita ɗaya, wurin da ba a isa sai da sallama da gaisuwa da neman yarda. A gari mai ilmi da kunya irin Zariya wannan ba aibi ba ne, domin hoton da aka ɗauka bayan an gaisa ya fi wanda aka sato daga nesa mutunci. Inda matsala take shi ne gefuna, domin gilashi mai faɗi yakan kwaso wanda ba a nufa ba, matar aure da ta leƙo daga zaure ko dattijon da ke alwala a gindin katanga, kuma gwargwadon faɗin gilashi gwargwadon yawan abin da mai hoto zai amsa tambaya a kansa. Sannan duk wani abu mai zagaye da ya faɗa kusurwa yakan miƙe ya yi faɗi. Wannan hukuncin lissafi ne da ke kan kowane gilashi mai miƙar da layi, tsadarsa ba ta kawar da shi, kuma a milimita 21 kan mutumin da ke ƙarshen sahu yakan baje har rawaninsa ya fi na tsakiya girma. Al'adar zaunar da babba a tsakiya ta yi wa masu hoto rana a nan. A ranar hawan Sallah, lokacin da mahaya suka zo jahi a gaban Sarki, babu mai iya juya zoben saiti ya bi doki a guje, sai dai a dogara da zurfin saiti, wato tazarar da komai ke fita sarai a cikinta. Gilashin 28 da aka tsuke zuwa f/8 aka ajiye saitinsa a mita 3 da 'yan kai yana riƙe komai daga kusan mita ɗaya da rabi har iyakar gani, na 35 kuwa sai an kai saitinsa mita 5 kafin ya yi haka, kuma abin da bai kai mita biyu da rabi ba ya fita daga ciki. Alamomin da ke jikin gilashi an zana su ne da ma'aunin zamanin fim, don haka mai sabuwar sensa gara ya tsuke zuwa f/8 amma ya karanta alamar f/5.6.

Lambar f ɗin nan ita ce girman ƙofar haske, kuma a kanta ne mafi yawan kuɗi ke tafiya. Ƙaramar lamba tana nufin babbar ƙofa, kowane mataki kuma, daga 1.4 zuwa 2, daga 2 zuwa 2.8, yana raba haske biyu. Sunayen gilasan Leica ma daga nan suka samo asali: Summilux na nufin f/1.4, Summicron f/2, Elmarit f/2.8. A milimita 28, Elmarit na 2006 nauyinsa kimanin giram 180 ne, Summicron ya haura 250, Summilux na 2015 kuma ya kai 440, wato dab da nauyin baƙar M11 kanta mai giram 530. Nauyi ba shi kaɗai ba ne. Tun da taga tana kallo ne ta gefen gilashi, duk gilashin da ya yi tsawo ko kauri yakan tare kusurwar ƙasa ta hannun dama, idan aka ƙara masa malafarsa ta kare rana sai ya cinye wani yanki mai yawa na abin da ya kamata a gani, mai hoto ya koma yin kirdado a wurin da ƙafafun mutane da kayan talla suke. Ga kuma rana. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, kuma da tsakar ranar bazara haske yakan kai matsayin da kyamarar M10, wadda saurin marfinta bai wuce ɗaya bisa 4000 na daƙiƙa ba, ba za ta iya buɗewa fiye da kimanin f/2.8 ba sai an sa mata baƙin filta. Wanda ya biya kuɗin f/1.4 zai wuni yana aiki a f/5.6 da f/8, inda gilashi mai rabin farashinsa ke ba da hoton da ba a iya rarrabewa. Babbar ƙofa tana da amfani a zaure da bayan magariba, a wurin masu shayi da masu tsire da karatun dare a hasken wuta, musamman da yake waɗannan kyamarori ba su da na'urar hana rawar hannu. Amma gilashi mai faɗi dama yana jure jinkirin marfi, ɗaya bisa 30 ba ya gagarar hannu mai natsuwa, kuma sensa ta zamani tana ɗaukar ISO 3200, wato ma'aunin saurin jin haske, ba tare da hoto ya lalace ba. A bisa wannan, hukuncin da ya fi kusa da gaskiya ga mai aiki tsakanin Tudun Wada da birni shi ne milimita 28 mai ƙofar f/2, ko f/2.8 ga wanda yawancin aikinsa na rana ne. 35 ya fi dacewa da mai tabarau da wanda mutane ne kawai abin nemansa, 21 kuma gilashi ne na biyu, kuma a nan Super-Elmar f/3.4 na 2011 ya fi Summilux f/1.4 mai giram 580 ma'ana nesa ba kusa ba, tun da gini ba ya gudu.

Akwai wata matsala da ba ta taso ba sai da dijital ta zo, kuma ita ce ke hana a sayi tsohon gilashi ido rufe. Da yake babu madubi a cikin kyamara mai ma'aunin nisa, tazarar da ke tsakanin bakinta da farantin hoto milimita 27.8 ce kacal, wannan ya bai wa masu ƙira damar tura gindin gilashi can ciki dab da fim. Ƙirar Biogon da Ludwig Bertele ya yi wa kamfanin Zeiss, wadda ta fito a milimita 21 a 1954, haka take: gabanta da bayanta sun yi kusan kama, ƙarama ce, kuma kusan ba ta lanƙwasa layi. Fim bai damu da ta wace kusurwa haske ya faɗo masa ba. Sensa kuwa kowane ɗigo nata kamar rijiya yake, hasken da ya zo a tsaye yana isa ƙasa, wanda ya zo a karkace yana bugun baki. Sakamakon shi ne kusurwoyi su yi duhu fiye da ƙima, launi ya sauya a gefuna, wani gefe ya yi ja-ja wani ya yi shuɗi-shuɗi, abin da ke fitowa ƙarara a kan farar katangar masallaci ko sararin sama. Leica ta yi maganin wannan ta hanyoyi uku: ta matsar da ƙananan gilasan da ke kan ɗigon gefe zuwa ciki, ta sirantar da murfin gilashin da ke kan sensa, sannan daga 2006 ta riƙa sa ɗigo shida baƙi da fari a gindin kowane gilashi domin kyamara ta gane shi ta gyara launi da kanta. Gilasan Zeiss da Voigtländer ba su da waɗannan ɗigo, sai mai kyamara ya zaɓar musu sunan gilashin Leica mafi kusa daga jerin da ke cikin kyamara, kuma idan ya manta ya sauya bayan ya canza gilashi, gyaran da bai dace ba zai hau hotunan ranar. Gilasan da aka ƙera bayan zuwan dijital sun ɗan janye gindinsu daga sensa, suna bin wani ɓangare na dabarar da Pierre Angénieux na Faransa ya fito da ita a 1950 domin kyamarori masu madubi, shi ya sa suka fi magabatansu girma. C Biogon 21 f/4.5 ya yi suna a fim amma yana jan gefe a yawancin kyamarorin M na dijital, kuma saboda wannan matsala ce Voigtländer ta sake ƙirar gilashinta na milimita 15 a 2015. Mai tsohuwar M8 yana da ƙarin abubuwa biyu: sensarta ƙarama ce, 28 yakan koma kamar 37, kuma baƙin yadi na roba, irin na hijabi da abaya, yakan fito ruwan hoda mai duhu sai an sa filtar da ke tare hasken da ido ba ya gani.

Duhun kusurwa, ko da an kawar da matsalar sensa, ba ya ƙarewa gaba ɗaya, domin ɗabi'ar haske ce ya ragu yayin da ya karkata. A lissafin asali ragin ya kai kusan mataki ɗaya a 35, ya kuma haura mataki biyu a 21, kuma duk gyaran da kwamfuta za ta yi ɗaga duhu ne, wanda ke tayar da ƙuraje a kusurwar hoton da aka ɗauka cikin zaure.

Game da masu ƙira, kasuwar ta kasu gida huɗu. Leica ce uwar gida, kuma a 2021 ta fito da APO-Summicron 35 f/2 a kan dala 8,195, kusa da farashin M11 kanta da ta fito a kan dala 8,995. Kalmar APO tana nufin an haɗa launukan haske su faɗa wuri guda, amfaninta kuma yana bayyana ne a inda farar babbar riga ta tsaya a bakin baƙin zaure, domin gilashin da ba a gyara ba yakan zana wa gefen rigar siririn layi mai launin shunayya ko kore. A shekarar 2021 ɗin dai Voigtländer, sunan Jamus da kamfanin Cosina na Japan ke amfani da shi tun 1999, ta fito da APO-Lanthar 35 f/2 a ƙasa da dala 1,200, kuma kaifinsa bai yi nisa da na Leica ba. Bambancin da ake gani da ido shi ne ya fi tsawo da kusan santimita biyu, yana tare taga. Ke nan mafi yawan rarar dala dubu bakwai ana biyanta ne domin a cusa wannan kyau cikin ƙaramin jiki, da kuma darajar sake sayarwa, wadda gilasan Leica suka fi kowa riƙewa. Gilasan Zeiss ZM, da aka fara sanarwa a 2004 kuma Cosina ce ke ƙera yawancinsu, suna da ƙarfin rarrabe haske da duhu, kuma shafen da ke jikinsu yana jure rana idan ta shigo cikin hoto, siffar da ke da amfani a hunturu lokacin da hazo ya dusashe komai, jar katanga ta koma toka-toka. Distagon 35 f/1.4 nasu na 2014 gwani ne amma dogo ne. Na huɗu su ne kamfanonin Sin irin TTArtisan da 7Artisans da Thypoch, masu araha, waɗanda wasu gilasansu ke zuwa da ɗan sukundireba domin mai saye ya daidaita saiti da kansa, abin da ya isa ya nuna inda aka rage kuɗi. Tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a 2024, gilashin dala dubu takwas ya zama maganar sama da naira miliyan 12 kafin kuɗin jirgi da na kwastan, kuma da wuya a sami aikin hoto a Zariya da zai mayar da wannan kuɗi. Ultron 28 f/2 na Voigtländer, ko Biogon 28 f/2.8, ko Elmarit na hannu, duk sun isa aikin da za a buga a littafi ko a rataye a bangon baje koli.

Yanayin gari ma yana da ƙuri'a. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kyamarorin M kuma ba su da na'urar kakkaɓe sensa da kansu, gilasansu ma ba a toshe su da roba ba. Kowane cire gilashi a kan titi gayyatar ƙura ce, kuma ɗigonta ya fi fitowa a daidai yanayin da gilashi mai faɗi ke aiki, wato f/8 ko f/11 da sararin sama mai yawa. Wannan ya ƙara ƙarfin hujjar a zaɓi gilashi ɗaya a bar shi a ɗaure, a sa masa farin filta mai kyau a gaba domin a riƙa goge filtar maimakon gilashin, tun da ƙurar Sahara tana ɗauke da ɓarɓashin yashi mai karce shafe. Da damina kuma, musamman a Agusta, laima kan haifar da fumfuna a cikin gilashin da aka kulle a jakar fata ko ƙasan akwati, don haka wurin ajiyarsa kwano ne mai murfi da 'yan ƙullin gishirin tsotse laima. Ma'aunin nisa kansa abu ne na madubai da ƙananan sukurori, jijjigar babur ko Keke Napep a kan hanya mai ramuka tana iya gusar da shi, kuma a nan gilashi mai faɗi mai matsakaiciyar ƙofa yana rufa asiri, domin zurfin saitinsa yana haɗiye ɗan kuskuren da zai ɓata hoton 35 a f/1.4. Wasu gilasai masu babbar ƙofa ma suna da halin gusar da saiti baya kaɗan idan aka tsuke su zuwa f/2.8 ko f/4, abin da tagar leƙe ba ta da hanyar sani. Summilux 35 na 1994 an san shi da wannan, sai a ƙirar 2010 aka rage shi ta hanyar sa wani rukunin gilasan ciki ya riƙa motsi daban.

Da yake yawancin irin waɗannan kaya na hannu ne, ta hannun ɗan'uwa ko abokin da ya dawo daga Turai ko Dubai suke isowa, gwajin ranar farko shi ne kariyar mai saye. Akan buɗe ƙofar haske gaba ɗaya a haska tocilan ta baya a duba ta gaba: 'yar ƙura ba komai ba ce, amma zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, dusashewa mai kama da hayaƙi kuma hazo ne da ke kashe kaifi, maiƙo a kan ganyayen ƙofa kuma alama ce ta man da ya narke ya gangaro. Sai a juya zoben saiti har ƙarshe a nufi abu mai nisa sosai, kamar Dutsen Kufena ko dogon ƙarfen sabis na waya da ke can wata unguwa, surorin biyu su haɗe cif ba tare da ɗaya ta wuce ko ta gaza ba. Daga nan a ɗauki hoton katanga mai gurji-gurji daga tsaye daidai, a buɗe, a kwatanta kusurwoyi huɗu a kwamfuta, domin idan ɗaya ta fi sauran dusashewa to wani gilashin ciki ya goce daga tsakiya, galibi saboda faɗuwa. Gwaji na ƙarshe shi ne na kusa, a jera abubuwa a nisan mita ɗaya a saita a kan na tsakiya a ga inda kaifi ya sauka. Idan ya sauka gaba ko baya, sai an gwada wani gilashin a kan kyamarar kafin a san ko laifin gilashi ne ko na ma'auni, domin gyaran ma'auni aikin ƙwararre ne na ɗan lokaci, gyaran gangaren gilashi kuwa yakan kai ga aikawa ƙasar waje da jiran makonni ko watanni. Saboda haka sharaɗin mayar da kaya idan gwaji bai yi ba ya kamata a ƙulla shi a rubuce, da lambar jikin gilashin a ciki, kafin a tura kuɗi.